Shagon tsofaffin hotuna da na gano a bayan Ahmadu Bello Way

Wata uku kenan ina zarya wannan shagon, sau biyar na je, na sayi abu uku, an ɓata min rai sau ɗaya an kuma faranta min fiye da haka, shi ya sa nake ganin yanzu na isa in faɗi abin da idona ya gani. Asali ma ba hoton turawa ne ya kai ni ba. Hoton bikin Hajiyarmu ne, guda ɗaya tilo da ya rage mana, ƙanwarta ce ta ajiye shi a ƙasan akwati a Zariya shekara da shekaru, danshi ya ci gefensa fuskar mahaifinmu ta fara dusashewa. Wani abokin aikina ya ce akwai wani dattijo a wani lungu bayan Ahmadu Bello Way a Kaduna, ba nisa da tsohon ginin jaridar New Nigerian, yana gyaran tsofaffin hotuna yana kuma sa firam, in gwada shi.

Shagon in ba an nuna maka ba wucewa za ka yi. Ƙofa ɗaya ce, an rubuta ana ɗaukar fasfo ana wanke hoto ana sa firam, daga gaba yara biyu ne da kwamfuta da firinta, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar. Sai ka ɗaga labule ka shiga ciki sannan ka ga ainihin wurin. Dattijon, kowa Baba yake ce masa, yana zaune kan kujerar katako, gabansa tebur mai faɗi an shimfiɗa farin yadi, bayansa kabad ɗin ƙarfe mai durowa irin faffaɗan nan na ofisoshin da. Ya ce min shi da aikin ɗakin duhu ya fara tun yana saurayi, zamanin da sai ka tsoma takarda cikin ruwan magani ka tsaya kana kallon fuska tana fitowa a hankali, kuma in ka dubi yatsunsa za ka yarda.

Ya karɓi hoton Hajiya da hannu biyu, bai taɓa fuskarsa ba, ta gefe ya riƙe. Tun daga nan hankalina ya kwanta da shi. Ina jira yana rubuta rasit ne idona ya kai kan wani hoto baƙi da fari da ke jingine, wata mata kwance kan gado da wayar tarho a kunne, ba kwalliyar nan ta fim ba, kamar wacce ta gaji. Na ce Baba wannan wace ce. Ya ce Marlene Dietrich kenan, 'yar fim ɗin Jamus, a Hollywood a 1930, tana magana da 'yarta da ta baro a Barlin. Sai ya ce, ɗana, ita kowa ya santa, wanda ya ɗauka fa ka san shi? Na ce a'a. Ya ce Erich Salomon, lauya ne ma ta karatu, shi ne ya yi suna wajen shiga taron manyan 'yan siyasa da ƙaramar kyamara ya ɗauke su ba su shirya ba, da Hitila ya hau mulki a 1933 ya koma Holan da zama da yake matarsa 'yar can ce, yaƙi ya bi shi har can, aka kama shi, a sansanin Auschwitz aka kashe shi a 1944. Wallahi sai na sake kallon hoton da wani ido daban.

Ranar na shiga da niyyar minti goma, sai da aka kira la'asar.

Bari in yi bayanin kayan tukun don kar wani ya je ya ce na yaudare shi. Hotunan iri biyu ne kuma Baba baya haɗa su, durowarsu ma daban. Akwai kwafi, wato sanannun hotuna da aka sake bugawa yanzu da firinta a takarda mai kauri, irin na Dietrich ɗin nan, su ne suka fi yawa, lokacin da na saya dubu shida ne ba firam, da firam dubu sha biyar. Sannan akwai na asali, tsofaffin hotunan jarida da aka wanke tun wancan zamanin aka aika wa gidajen jarida, ɗansa da ke zaune a Ingila ne yake saye wajen dillalai yana aiko masa, da yake jaridu da yawa a can sun sayar da ɗakunan ajiyar hotunansu bayan sun koma kwamfuta. Waɗannan ba su kai talatin ba, farashi daga dubu arba'in da biyar zuwa sama. Kuma kai tsaye ya gaya min cewa cikin na asalin babu ko ɗaya da babban suna ya ɗauka, ya ce hoton manyan masu ɗaukar hoto irin su Capa ko Halsman na asali kuɗinsa ya fi ƙarfin wannan lungun, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi dubu hamsin a garin nan ka riƙe aljihunka. Wannan maganar ita ta sa na dawo karo na biyu, don da ya ce min na asali ne da na yarda, me na sani a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake nuna na asalin. Baya miƙo maka ta fuska, kifa shi yake yi kan farin yadin. Ya ce hoton jarida ta baya ake karanta shi. Wanda na saya, faɗinsa inci 8 tsawo inci 10, wata 'yar fim ce tana saukowa daga matakalar jirgi da kwat da jaka a hannu iska ta ɗage mata gashi, a bayansa akwai sitam mai ruwan goro na kamfanin dillancin hotuna Black Star, akwai wata 'yar siririyar takarda da aka buga da tafireta aka manna da gam, gam ɗin ya tsufa ya ratso takardar ya yi ruwan ƙasa, rabinta ya yage ya tafi da sunan matar, sai sitam ɗin kwanan wata na ɗakin ajiyar jaridar har guda biyu, alamar sau biyu aka yi amfani da shi. Ta fuska kuma in ka karkata shi wajen haske za ka ga layin jan fensir inda edita ya zana iya inda za a yanke, ya cire wani ɗan dako da ke bayanta ɗauke da akwatuna. Shi hoton yana nan da ɗan dakon nasa, jarida ce kawai ta fitar ba shi. Baba ya ba ni madubin nan na ƙara girma ya ce in duba baƙin, na asali baƙinsa sumul yake ba ɗigo-ɗigo, kuma can gefe akwai wani ƙyalli kamar bayan cokali, ya ce azurfar da ke cikin takardar ce take tasowa in hoto ya tsufa. Sai ya ɗauko kwafi na duba, nan take na ga ɗigon tawada. Yanzu ko a ina na ga tsohon hoto sai na juya bayansa.

Shi kansa Black Star ɗin, Baba ya ce mutum uku ne 'yan gudun hijira daga Jamus suka kafa shi a New York a 1935, sun iso da hotuna a akwati da sanin yadda ake jera hoto ya ba da labari a mujalla, shekara ɗaya bayan nan mujallar Life ta fito a 1936 ta riƙa saye a wajensu. Ya ce ba zai rantse min cewa wanda ya ɗauki hoton da na saya ɗan gudun hijira ne ba tunda sunansa ya goge, amma gidan da ya fito nasu ne. Na ce na ji, a haka nake so.

Durowar kwafin kuwa nan labari yake, kuma Baba baya gajiya. Akwai Alfred Eisenstaedt, wanda ya ɗauki Goebbels ministan farfagandar Hitila a Janiba a 1933 yana harararsa daga kan kujera, ya bar Jamus a 1935 ya zama cikin mutum huɗu na farko masu ɗauka wa Life hoto, shi ne dai ya ɗauki Marilyn Monroe a gidanta a 1953 da baƙar riga mai rufe wuya, ba fitilu ba komai sai ƙaramar kyamarar Leica da hasken rana. Baba ya ajiye min su biyun gefe da gefe, harara nan murmushi nan, ya ce ido ɗaya ne ya gani duka. Akwai Philippe Halsman ɗan Riga, wannan labarinsa ya tsaya min a rai, yana ɗan shekara ashirin da biyu mahaifinsa ya mutu suna hawan dutse a Ostiriya a 1928, aka ce shi ya kashe shi, a lokacin da ƙin Yahudawa ya yi ƙamari a yankin shi kuma Bayahude ne, ya yi shekara biyu a gidan yari kafin a sake shi a 1930 ya koma Faransa, da Jamus ta ci Faransa a 1940 Albert Einstein ne ya taimaka masa ya samu shiga Amurka. To wannan mutumin shi ne ya yi bangon Life har sau 101, kuma shi ne wanda in ya gama ɗaukar mutum sai ya roƙe shi ya yi tsalle, don a ganinsa mai tsalle baya iya riƙe fuskar da ya shirya wa duniya. Hoton 'yar fim Audrey Hepburn tana tsalle ƙafa a ware tana dariya yana nan, shi yara masu shigowa ɗaukar fasfo suka fi tsayawa kallo. Ni kuwa in na kalle shi gidan yarin nake tunawa, mutumin da aka kulle yana saurayi ya ƙare yana sa mutane su bar ƙasa ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Sai Robert Capa, wanda ma ba sunansa ba ne, Endre Friedmann aka raɗa masa a Budapest a 1913, ya bar Hungari a 1931 ya tafi Barlin, Barlin ta gagara ya tafi Paris, can shi da mai hoto Gerda Taro, ita ma 'yar gudun hijira, suka ƙirƙiri sunan don editoci su ɗauka wani Ba'amurke ne su biya da daraja. Ita ta rasu a yaƙin Sifen a 1937. Shi mai hoton yaƙi ne amma ya haɗu da 'yar fim Ingrid Bergman a Paris a 1945 ya bi ta har Hollywood ya yi mata hotuna, zaman can bai karɓe shi ba, nakiya ya taka a Biyetnam a 1954. Abokinsa David Seymour ɗan Warsaw, wanda 'yan Nazi suka kashe iyayensa, shi ya ɗauki 'yar fim Sophia Loren tana tasowa a Rum, shi ma harsashi ya same shi kusa da mashigin Suez a Masar a 1956. Capa da Seymour suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin masu hoto na Magnum a 1947, kuma dalilin kafa shi shi ne mai hoto ya mallaki nagatif ɗinsa da haƙƙin aikinsa, kar mujalla ta cinye.

Nan ne kuma nake da magana da shagon, kuma na faɗa wa Baba a gabansa. Na ce Baba mutanen nan sun sha wuya don a bar musu haƙƙinsu, su kwafin nan da izinin wa ake bugawa. Ya yi shiru, ya ce gaskiyarka ɗana, shi ya sa ma baya rataye su a waje baya tallarsu kuma yana rubuta sunan mai hoton a bayan kowanne. Amsar ba ta gamsar da ni duka ba, rubuta suna daban biyan haƙƙi daban, shi ya sa kwafi ɗaya kawai na saya na tsaya, sauran kuɗina na sa a na asali da gyaran hoton gida. Wanda abin bai dame shi ba shi ya sani, amma ya kamata mutum ya sani kafin ya saya.

Ɓacin ran da na ce kuwa wajen firam ne. Na bar hotona na asali a sa masa firam, aka ce kwana huɗu, sai da ya yi sati biyu da kwana uku, na kira waya ba adadi ana ce min gilashi ake jira. Da na je karɓa Baba baya nan ya tafi jana'iza, yaron ya miƙo min, ina juyawa na cire bayan don in duba sai na ga salatif ya manna a kusurwa huɗu, ɗaya ma ya hau kan takardar tafiretan nan, kuma hoton manne yake da gilashi ba tazara, bayansa kwalin katan na taliya. Raina ya yi mugun ɓaci don Baba da bakinsa ya gaya min salatif shi ne babban maƙiyin tsohon hoto, gam ɗinsa yana ratsawa ya bar tabo, kuma in hoto ya taɓa gilashi damina ɗaya ta Kaduna ta isa ta manne su har abada. Washegari na koma. Gaskiya Baba bai kare yaron ba bai kuma tozarta shi a gabana ba, ya ce laifinsa ne da ya bar wa yaron aikin, ya zauna ya cire salatif ɗin da wata siririyar wuƙa a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri, ya sa 'yan kusurwoyin takarda da suke riƙe hoto ba gam, ya yanka farin kwali mai taga ya raba shi da gilashi, bai karɓi ko sisi ba. Amma ɗan tabo ya rage a takardar tafiretan, harafi uku sun tafi, kuma wannan ba mai dawo da shi. Don haka duk wanda zai kai tsohon hoto ya tabbatar hannun Baba ya damƙa wa kuma ya ce shi yake so ya yi, yaran sun iya fasfo da kwamfuta amma wannan ba aikinsu ba ne tukun.

Sauran ƙananan abubuwa, ba POS, sai kuɗi hannu ko tiransifa kuma netiwok a lungun nan sai ka fito bakin titi. Ba a rubuta farashi a jikin komai ba. Baya buɗewa da wuri, kafin sha ɗaya ba lallai ka same shi ba, Juma'a kuma sai bayan masallaci. Wurin ajiye mota babu, keke ya fi. Cikin ɗakin da zafi da rana, ya ce gara zafin da ya buɗe taga ƙurar hunturu ta shigo, na ga dalilinsa. Gilashin firam ɗin na gama-gari ne baya tare hasken rana, shi da kansa ya ce kar in rataye inda rana ke bugawa musamman kwafi don tawada tana koɗewa. Wanda kuma baya rataye hoto a gida saboda fahimtarsa ta addini, irin Hajiyarmu, akwai alabam mai farar takarda da akwatin kwali da yake haɗawa, bai taɓa tura wa kowa firam dole ba, ni ma na Hajiya a alabam aka sa.

Abin da na so in gani ban gani ba shi ne namu. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, ba jarumin Indiya ko ɗaya a durowar asali, na Afirka kuma guda ɗaya ne kwafi, mawaƙiya kuma 'yar fim Dolly Rathebe ta Afirka ta Kudu wacce Jürgen Schadeberg na mujallar Drum ya ɗauka, wanda 'yan sandan wariyar launin fata suka taɓa kama su tare suna cikin aikin hoto don kawai an ga bature da baƙar mace, daga baya ya bar ƙasar a 1964. Na roƙi Baba ya gaya wa ɗansa ya riƙa duba irin waɗannan, ya ce zai faɗa.

Hoton Hajiya dai aikin ya yi kyau ƙwarai, dubu takwas. Bai taɓa na asalin ba, sikanin ya yi aka gyara a kwamfuta yana tsaye kan yaron yana cewa bar nan, kar ka goge wannan, don yaron ya so ya sumulce fuskokin kamar na fasfo. Tsagen fuskar kakarmu da ke tsaye a gefe yana nan, zanen atamfar ya fito, hular mahaifinmu ta dawo. Da na kai mata ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sai ta fara kiran sunayen mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har da wata ƙawarta da rabonsu da juna tun rikicin shekarar 2000, lokacin da muka bar gidanmu na hayin kogi da kayan jikinmu kawai, kamar yadda mutane da yawa suka tashi ta kowane ɓangare wasu suka hauro nan wasu suka haura can. Alabam uku muka bari a wancan gidan, na bikinta, na sunanmu, da na mahaifinmu a wurin aiki.

Na ba Baba wannan labarin zuwana na ƙarshe, ban ma yi niyya ba maganar ce ta zo. Sai ya ce min Capa ma da zai gudu daga Paris a 1939 ya bar nagatif wajen 4,500 nasa da na Taro da na Seymour, aka ɗauka sun salwanta, ashe suna cikin wasu 'yan akwatuna uku a birnin Meziko, sai 2007 suka isa New York, duk su ukun sun daɗe a ƙasa. Ya ce mai hoto Ernest Cole ma na Afirka ta Kudu da ya gudu a 1966 ya rasu a New York a 1990, an tsinci nagatif ɗinsa wajen 60,000 a ma'ajiyar wani banki a Suwidin a 2017. Ya ce shi hoto ba ɗaya ake wankewa ba, a zamanin da in an yi biki mai hoto yana wanke da yawa a raba wa dangi da ƙawaye, in bi gidajen 'yan uwa in tambaya, kar in ce a ba ni, in ce aro zan yi na kwana biyu.

Na fara. Gwaggonmu ta Kawo ta samo guda biyu a cikin wani tsohon littafin addu'o'i, ɗaya na sunana ne ina hannun Hajiya, wani kawunmu a Rigasa ya ce yana jin akwai wasu a wata jaka zai duba. Asabar mai zuwa zan kai wa Baba biyun, bayan sha ɗaya, kuma hannunsa zan ba.